Babba a Gaba, Yarinya a Baya

Talata, 9 ga Oktoba 1984, bayan la'asar

Yarinyar nan ta shigo da kwanon tuwo, ta aje, ta zauna bakin tabarma, ba ta ce tuwon ya fi ƙarfin haƙorana ba. Nan na san akwai magana. Ita ce 'yata ta fari, don haka ba na kama sunanta, ko da baki ko a wannan littafi. Mutanen Tawa na ce mata Lokotoro, wato likita. Ni "ke" ta ishe ni, kuma ban taɓa cewa "ke" wata ta amsa ba.

Takarda ce ta zo daga Yamai. Gwamnatin soja na tsuke bakin aljihu saboda fari, za a rufe ƙananan ɗakunan bincike da ke jihohi, sai wanda ya nuna amfaninsa. Nata na cikin waɗanda za a auna. In ya faɗi a sa masa kwaɗo, ita a maida ta wani biro, aikin ofis, a Yamai, da mijinta da jikokina, in zauna ina kallon katangar da ke tsakanin gidana da nasu.

Na tambaye ta da wane mudu za a auna. Ta ce mai bincike in ya gano abu aka buga a mujallar likitoci, to duk wanda ya dogara da aikinsa daga baya sai ya ambaci sunansa a ƙarshen nasa rubutun. Akwai wasu manyan littattafai da ake bugawa a ƙasashen waje masu tara wannan ambato na duniya duka. Su za a buɗe a ƙirga nata. Sannan a duba da su wa take aiki.

Na ce ta kwantar da hankalinta, mu da muka yi rubutu har kirtanin mashin ya koɗe. Na ce "mu" don tun da na aje alli, bayan shekarun da na yi ina karantarwa a lakwal, makarantar boko, ni nake buga mata takardunta a mashin, ina gyara mata Faransanci. Duk abin da ta rubuta kan dundumi, wannan makantar magariba da ke kama yaran da yunwa ta taɓa, ta ƙarƙashin yatsuna ya bi.

Laraba, da hantsi

Na share ƙofar ɗakin Kulu, matata da ta rasu. Ban buɗe ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Dara da Attahir a zaurensa. Shi ne tsohon lokotoron garin nan, shi ya fara sa mata ido a madubin duba jini tana 'yar lakwal, shi ya tsaya har aka tura ta karatu Dakar. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma ba ya rauni wajen satar ɗan dara. Na kama shi sau biyu, ya ce hannunsa ne ke rawa.

Na ba shi labarin mudun Yamai. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce a zamaninsu da gawa ake auna lokotoro, in ta yi kaɗan ka iya aiki.

Lahadi, ranar kasuwa, da azahar

Kasuwa ta cika da dabbobi, babu mai saye. Na ga saniya ana tallarta a kan abin da bai kai buhun hatsi ba, mai ita ya juya baya don kada ya ga wanda zai ja ta. Bukkokin da ke arewacin gari sun ƙaru, mutanen Tebaram da Takanamat da na gaba da su duk sun gangaro.

Can bukkokin na raka yarinyar nan, ni ne mai riƙe laima. Wata Buzuwa mai suna Tanna ta tare mu da jinjira a hannu. Ɗanta na fari ne ya daina laluben bango da magariba bayan maganin da aka ɗiga masa, shi ne ta sa wa jinjirar sunan yanka na Lokotoro. Ta miƙo mini ita wai in kira sunanta in sa albarka. Na ce "Allah ya raya takwara." Ashe ba ita kaɗai ba ce, takwarorin sun kai a buɗe musu aji. Wato yanzu sansani guda ya cika da yaran da ba ni da bakin kira. Yarinyar nan ta yi ta dariya a hanya har ta kusa sakin jakarta.

Talata, 16 ga Oktoba, da yamma

Sun iso. Kumandan guda da kakinsa, Furofesa guda da tabarau, da akwatin littattafai da soja biyu suka sauke suna nishi. An sauke su gidan baƙi. Akwai abin da aka ce game da shugaban ɗakin binciken wata jiha da ya yi musu gardama. Ba zan rubuta ba.

Laraba, bayan magariba

Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, to bari in fara da dariya.

Furofesa ya buɗe littattafansa ya nemi sunanta, sai ya sami ambato ɗan kaɗan, bai cika tafin hannu ba, shi ma na takardar da ta rubuta ita kaɗai tana Dakar. Amma da ya juya shafi sai ya tarar Tawa na da gagarumin mai bincike wanda ake ambato daga Indiya har ƙasar Birazil. Sunansa Attahir. Attahir ɗin da ya yi shekaru bai leƙa madubi ba, wanda ran Juma'a ya saci ɗan darana.

Ga yadda abin yake. Littattafan nan sunan farko kawai suke ɗauka a kowace takarda. Duk wanda ya biyo baya, ko shi ya sha rana, ba su san da shi ba. Mu kuwa kowace takarda da ta fita daga gidan nan sunan Attahir ne a gaba, nata a baya, don shi ne malaminta, kuma takan karanta masa ya ce "madalla" ko ya ce "sake dubawa." Ni na jera sunayen a mashin tun takarda ta farko, ita ma ba ta taɓa cewa a'a ba. Ina aka taɓa ganin yarinya ta shiga gaban malaminta? Ko ƙofar masallaci ce ai sai ta dakata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai nan kurar ce da kanta ta miƙa wa gardi.

Ban ce na yi kuskure ba. Littafin ne bai da tarbiyya.

Alhamis, da safe

Tuwon jiya bai ji gishiri ba. Ban faɗa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Furofesa ya kira ta ya zana mata wani abu a allo, ta zo ta zana mini a ƙasa da tsinke. Da'ira ce a tsakiya, ita ke nan, sai layuka zuwa duk wanda ta yi aiki da shi. Layi zuwa majo, malamin jinya na asibitin ƙauye, da ke aiko mata da jinin yara cikin tulu mai sanyi. Layi zuwa wata abokiyar karatunta a Dakar. Layi zuwa wani lokotoro a Sakkwato, wanda tun da aka rufe iyaka saƙonsa ke zuwa cikin hular masu raƙuma. Abin ya yi kama da saƙar gizo-gizo, ya yi kyau ƙwarai.

Sai Furofesa ya goge majo, wai ba ya buga takarda. Ya goge Sakkwato, wai babu hatimin hukuma. Dakar ya bari. Ya ce da akwai layi ko guda da ya ƙetare teku da ya ji daɗin rahotonsa. Ba mugu ba ne, har ya ce aikin ya burge shi. Amma an ba shi mudu, ba a ce ya zo da nasa ba.

Asabar, da hantsi

Delu ta jawo mana magana. Delu ƙanwata ce, ita ta yi wa yarinyar nan wankan jego na 'ya'yanta duka, kuma ba a taɓa yin abu a dangi ta tsaya a gefe ba. Na yi mata bayanin ambato sau uku. Ta saurara, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce:

"Yaya, in ambato su ka so, ai Tawa ba ta rasa maroƙa ba. Mi za a tahi nema har Amirka?"

Na ɗauka wasa take. Yau da sassafe sai ga kalangu a ƙofar gidan baƙi, maroƙi da masu amshi suna zuba sunan yarinyar nan, da na kakanta, da na kakan kakanta mai rijiya a Bambeye. Wai ita ce fitilar ƙasar Adar, mai maida magariba hantsi. Kowane baiti sai an kama sunan, don Delu ta ce kada a yi rowa, masu ƙirga na ciki.

Soja sun hana irin wannan taro, kowa ya sani. Jandarma ya zo ya ɗauke kalangun, maroƙi ya bi shi yana roƙo, wannan karon da gaske. An ce Kumandan na tsaye a taga da kofin shayi, kafaɗunsa na rawa.

Ni ina can ƙarƙashin itacen bedi, na yi kamar hanya ce ta biyo da ni. Bari in faɗi gaskiya tunda babu mai karanta wannan: na ji daɗi. Sunan yana da daɗi a kunne. Ni na raɗa shi, na ba liman a kunne ranar suna, daga nan ban ƙara ba.

Asabar, bayan isha'i

Ta shigo ranta a ɓace, ta ce mun maida ta abin dariya. Na ce ba ni ba ne, gwaggonta ce. Ta ce an gan ni ƙarƙashin bedi ina kaɗa ƙafa.

Litinin, 22 ga Oktoba, da azahar

Za a ba Attahir lambar girma. Furofesa ne ya rubuta a nemo masa. Na tarar da shi ya sa an fito da babbar rigarsa ana shanyawa. Na ce ashe gardi ya shirya. Ya ce shi bai roƙi a sa shi gaba ba, amma wanda aka miƙa wa nama ba ya cewa yana azumi. Muka yi dara, ya ci ni, bai ko yi sata ba.

Da zan tashi ya riƙe hannuna. Ya ce ranar Alhamis za a zauna a yanke magana, zai je ya faɗa musu aikin nata ne. Ya ce abin da ke ba shi tsoro ita ce, don ya san ba za ta buɗe baki a gabansa ta ce "ni na yi" ba. Ya ce mu biyu muka yi mata wannan tarbiyya, ga shi ta kama da kyau.

Talata, da yamma

Na ji ana ja da akwati a gidansu. Mijinta ya ce ɓera suke nema.

Laraba, da hantsi

Na buɗe ɗakin Kulu. Komai na nan yadda ta bari bara, har da kwallin da ba ta ƙarasa ba. Na tuna ranar da yarinyar nan ta dawo daga Dakar da takardar lokotoro, gari ya taru, Kulu ta shige wannan ɗaki ta ƙi fitowa, wai tana tsince wake. Ta taga ta yi ta leƙe. Har ta koma ga Allah ba ta kama sunan ba. A ciwonta na ƙarshe ma cewa take "ina waccan?" Kowa ya yaba da kunyarta, ni ma na yaba.

Na rufe. Ina jin tsoro, na rubuta na huta.

Alhamis, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Wannan dai sai na rubuta shi yau.

An zauna a babban ɗakin taro. Kumandan a tsakiya, Furofesa da littattafansa, sakatare da alƙalami. Bayanmu ma'aikatan lafiya, da Delu wadda babu wanda ya gayyata.

Furofesa ya karanta abin da ya samu. Attahir ya miƙe da sandarsa ya ce shi "madalla" kawai ya sa a cikin takardun nan, sauran duk na ɗalibarsa ne. Furofesa ya yi murmushi ya ce wannan karamcin malami ne, ya saba gani. Kumandan ya juya wurinta ya tambaye ta wa ya yi aikin. Ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da ta sani Malam ne ya koya mata. Na ji kamar in jefe ta da takalmi, alhali da ta faɗi wani abu daban da na ji kunya.

Kumandan ya aje hularsa a tebur. Ya ce shi ya ga ƙofa, ya ga mutum biyu, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga, kuma shi ba zai kwana a Tawa yana jira ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga takardun nan kafin su zama na mashin.

Delu ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na miƙe.

Na faɗi sunana da aikina. Na ce kowace takarda da rubutun hannu take zuwa mini, wata da ɗigon mai, wata da yashin sansani a tsakanin shafuka, kuma hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, hannun da ni na koya wa riƙon alƙalami. Na ce jerin sunaye kuwa ni na yi, babba a gaba, yadda aka yi mu.

Ya ce, "Hannun wa, Mushe Inusa?"

Na ce na yarinyar nan.

Ya ce sakatare ba ya iya rubuta "yarinyar nan" a takardar hukuma, yara mata sun yi yawa a ƙasar. Sai wani a baya ya raɗa masa wani abu. Ya dube ni, fuskarsa ta sauya. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin. Ya turo mini takarda da alƙalami ya ce in ya yi mini nauyi in rubuta, ya isa.

Na dubi takardar. Sau nawa na buga sunan nan a mashin? Mashin ba ta da kunya, kullum ita ke faɗa, ni ina ɓoye a bayanta, kuma kullum a layi na biyu. Na dubi yarinyar nan, kanta na ƙasa, ga furfura guda biyu a gefen kallabinta da ban taɓa lura da su ba. Sai ɗakin Kulu ya faɗo mini a rai, da waken da ba ya ƙarewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na maida masa takardarsa.

Na ce, "Sunanta Safi. Safi Inusa. Ɗiyata ta, ta hwari. Ita ta yi aikin ga, tun daga hwarko har ƙarshe."

Delu ta rufe baki da gyale. Ita kuwa ta waiga baya, wallahi ta waiga baya, tana neman wanda ya yi magana, don ba ta san sunanta da wannan murya ba. Da ta gane sai ta tashi ta fita, ba ta ko nemi izinin Kumandan ba. Bai tsayar da ita ba. Ya ce wa sakatare ya rubuta yadda aka faɗa, ya ɗauki hularsa. Za a aiko da hukunci daga Yamai.

Juma'a

Tuwo ya zo, jikata ce ta kawo.

Asabar, da la'asar

Labari ya gama gari. A masallaci wani tsoho ya ce mini zamani ya zo ƙarshe. Mai nama ya ƙara mini tsoka bai ce don me ba. Attahir ya ce tunda bakina ya buɗe, in faɗi nawa ya ci ni a dara.

Ita har yanzu ba ta shigo ba. Ina jin muryarta ta bayan katanga.

Laraba, 7 ga Nuwamba, da azahar

Takarda ta zo daga Yamai. Ɗakin bincike zai ci gaba, za a sake aunawa baɗi. Furofesa ya ƙara da hannunsa cewa a lissafa mata ambaton takardun da aka yi shaida a kansu, kuma daga yau wanda ya yi aiki shi ne a gaba. Lambar Attahir kuwa ta riga ta bar Yamai, babu mai iya tsayar da ita, zai sa babbar rigarsa.

Delu na yawo gida gida tana cewa kalangunta ne ya yi aiki. Na bar ta. An ma maido wa maroƙi kayansa.

Fari dai na nan, bukkoki na ƙaruwa. Amma na yi dariya yau har maƙwabta suka leƙo.

Alhamis, bayan la'asar

Ta shigo da kanta, kwano a hannu ɗaya, sabuwar takarda a ɗaya. Ta ce tuwon ya fi ƙarfin haƙorana, in jiƙa shi da miya. Na sa takarda a mashin na buga sunanta a layin farko, na Attahir a ƙasa. Ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce abin ya yi mata kamar ta sa takalmi a ka. Na ce za ta saba.

Ta juya za ta fita, na ga ta bar murfin kwano. Na ce, "Ke."

Ta ci gaba da tafiya.

Na ce, "Ke, yarinyar nan."

Ta tsaya a bakin zaure, ba ta juyo ba. Ta ce, "Baba, yara mata sun yi yawa a ƙasar. Wa aka kira?"

Juma'a, da safe

Safi ta bar murfin kwanonta jiya. Na kira ta ta kan katanga, ta amsa.